Hancin Motar Baba

A gidanmu na unguwar Nima ba a daɗe ana gardama da baki. Ni da yayana in muka yi magana uku ba mu daidaita ba, ta huɗu da hannu ake yin ta. Ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, kuma tun ina rarrafe ya ɗauka Allah ya ba shi ni ne don ya gyara. Ni kuma na taso da zuciya irin ta Baba, wadda ba ta san babba ba. Akwai tabon murfin tukunya a goshina, shi ma akwai shaidar haƙorana a dantsensa. Mma, mahaifiyarmu, ta gaji da rabo, har ta koma in ta ji mun fara sai ta kwashe kwanukanta ta shige ɗaki, tana cewa harshe da haƙori ma sukan saɓa. Namu saɓanin yakan kai ga jini, amma kafin Magariba mun shirya.

Da Baba ya rasu bai bar gida ba, haya muke, bai bar fili ba. Mota ya bari, tsohuwar 'yar Japan mai giyar hannu, wadda ya yi tasi da ita har idonsa ya ƙi. Mma ta ce ba za a sayar ba tana raye. Aka raba mana aiki. Ni nake tuƙa ta, in kai Mma asibiti ko Kasuwar Malam Atta. Yayana kuma shi ke da duk abin da ke ƙarƙashin bonet, don shi fita ne, wato makanike, yana da rumfa a Maamobi, unguwar da ke maƙwabtaka da mu, inda direbobin trotro, ƙananan bas na haya, ke bin layi. Ranar sadakar arba'in, a gaban Mma, ya miƙo mini makulli ya ce:

"Sitiyari naka ne. Amma ran da ka sa sifana cikin injin nan, wallahi ba ni ba kai. Mma shaida ne."

Ya saba zagina, ya saba dukana, amma bai taɓa rantsuwa a kaina ba sai ranar. Na san in na tsallake wannan, na rasa shi. Ba zan ce ban gane ba.

Ni gyaran waya nake yi. Mutumin da ke kwance kusar da ba ta kai ƙwayar gero ba yakan raina mai babbar sifana, kuma ni na raina. Abin da ke cin raina da motar kuwa shi ne shirunta. Akwai inda muke zama da yamma, mu samarin layinmu, benci biyu da butar shayin ataya a gaban wani shagon aski, muna ce masa bes. Duk wanda ya zo da mota ko babur sai ya ja totur kafin ya kashe, a ji muryar abinsa. Ni in na zo, sai na yi fakin na fito kafin wani ya lura. Suka sa wa motar suna Hajiya, wai tana tafiya kamar mai jan carbi.

Wani abokinmu da ya dawo daga Jamus shi ya kawo mini maganin, a cikin kwali. Dogon bututu ne na ƙarfe mai sheƙi, da tiyo na roba, da kilif-kilif, da matatar iska ja mai siffar mazurari. Ya ce inji numfashi yake kamar mutum. Akwatin da kamfani ya sa masa yana shaƙar iskar da ta riga ta yi zafi a cikin bonet. In ka cire shi ka kai bakin bututun nan can ƙasa, bayan bamba, inda iska ke da sanyi, mota za ta ƙara ƙarfi, kuma za ta yi gurnani.

"Cale, ba ka bukatan fita kwaraa," in ji shi, wato, aboki, ba ka bukatar makanike ko kaɗan. "Awa biyu ka gama. Akwai bidiyo."

Na kalli bidiyon ya fi sau goma. Wani Bature ne a gareji mai tsabta, hannunsa ko baƙin mai babu. Ban tambayi kaina ba ko a garinsu ruwan sama yana tsayawa a kwata ko yana hawowa titi ya shiga ɗakin mutane. Ni da aka haifa a bakin babban gota, wato lambatun da ya raba Nima da Maamobi, wanda duk damina sai ya ci katifar wani.

Yayana ya tafi arewa ta'aziyyar surukinsa, kwana huɗu. Ran Lahadi da hantsi na tura motar bakin lungunmu, na ɗauko akwatin kayan aikinsa na gida, wanda ko matarsa ba ta taɓawa. Na cire kan batir kamar yadda Baturen ya ce. Na zare wayar sansa, na'urar da ke auna iska, a hankali, wannan kam aikina ne. Daga nan aiki ya daina kama da bidiyo. Kusoshin akwatin iskar sun yi shekara da shekaru ba su motsa ba, tsatsa ta cinye kansu. Biyu suka fita. Ta uku sifana ta zame, na daki ƙarfe da bayan hannu, fatar gaɓoɓi uku ta saluɓe. Na tsotse jinin, na zagi kusar, na zagi wanda ya ƙera ta. Na sake gwadawa, ta sake zamewa. Sai na ɗauko guduma.

Ba na cewa na cire akwatin nan. Fasa shi na yi. Na yi ta dukansa har robar ta tsage gida uku, na sa ƙafa na fizge ragowar, na yanke wuyansa da zarto inda ya maƙale a bayan fitila. Ina yi ina jin daɗi, wannan ma gaskiya ce. Kowane bugu kamar yayana nake ba amsa. Ramin da bututun zai bi ya sauka ya yi ƙanƙanta, na faɗaɗa shi da kurfi da guduma har fenti ya ɓare. Na kwanta a ƙasa na cusa jar matatar a bayan bamba, gaban tayar hagu, tazararta da ƙasa ba ta kai kamu biyu ba. Na ɗaure kilif, na mai da sansa, na haɗa batir. Ana kiran La'asar na gama aikin awa biyun. Wani mai kwandam, masu yawo da baro suna sayen tarkace, ya zo wucewa, na ce ya kwashe fasassun akwatin kyauta.

Da na tayar da ita na taka totur, sai ta ja iska da wata murya mai kauri da ban taɓa ji ba, har kajin maƙwabta suka watse. A bes ranar an tashi tsaye. Aka buɗe bonet, aka ɗau hoto. Ko ta ƙara ƙarfi ko ba ta ƙara ba, ban sani ba har yau. Kwana uku ba wanda ya ce Hajiya.

Yayana ya dawo ran Laraba. Bai ga komai ba, ji ya yi. Ina shigowa layi yana tsaye da jakarsa a gaban shagon aski yana gaisawa da mutane. Ya ajiye jakar, ya tare hanya, ya ce in ja bonet. Ya daɗe yana kallo. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin bamba. Da ya miƙe ban ga tahowar hannunsa ba, sai dai na ji kunnena na hagu ya toshe, na ganni zaune a kan benci, butar ataya ta kife.

"Kwasiya," ya ce, wato wawa da yaren Asante. "Ka kai hancin mota ƙasa. A Nima. Damina na bakin ƙofa."

"Karen bana shi ke maganin zomon bana," na ce, jini na cika mini baki. "Kai aikin da ka iya na zamanin Baba ne."

Ya shaƙo wuyan rigata ya haɗa ni da bango, mai aski da wasu biyu suka riƙe shi. Ya tambayi inda akwatin yake. Na ce mai kwandam ya tafi da shi. Na ga abin ya shige shi fiye da zagi, domin hannun Baba ne ya ɗaure kusoshin nan na ƙarshe. Ya zare makullin daga motar ya sa a aljihu.

"Zan nemo wani akwati. Kafin nan ko taya ɗaya ya juya, ka san abin da na rantse."

Yanzu da nake tunawa, ƙofa ya bar mini. Ya riga ya rantse, na riga na karya, amma ya ce zai nemo wani akwati. A lokacin ban ga ƙofar ba. Marin kawai nake ji, da idon 'yan bes, da yadda wani ya juya baya don ya ɓoye dariya. Kuma ina da makulli na biyu a cikin akwatin kayan wayata.

Ran Asabar ɗaurin auren mai askin nan ne, za a ɗauko amarya daga Maamobi da jerin motoci, na kuwa yi alkawari tawa ce a gaba. Hadari ya haɗu tun azahar. Mma ta leƙa sama ta ce in bari, na ce yanzu zan dawo. Ina isa gangaren da ke sauka wajen gota ruwa ya tsuge, irin wanda ba ka ganin motar gabanka. Cikin minti kaɗan kwatoci suka cika suka amayo, ruwa ja mai ɗauke da ledoji da ɓawon kwakwa ya rufe kwarin titin. Trotro biyu suka ratsa a gabana. Bai kai rabin taya ba. Motar nan ta ratsa wanda ya fi shi sau ba adadi, da Baba da ni. Abin da ban lissafa ba shi ne a da hancinta yana sama, daidai fitila. Na sa giya ɗaya na shiga, har da ƙara totur don a ji ni daga rumfunan gefe.

A tsakiyar ruwan ta yi wata irin shaƙuwa, ta girgiza, ta mutu. Na murɗa makulli. Ƙwas. Na sake. Ƙwas.

Wanda bai zauna a unguwar Zongo irin tamu ba ba zai gane abin da ya biyo baya ba. A wajenmu mota ba ta mutuwa a bar ta. Ba sai ka roƙa ba. Kafin ka buɗe ƙofa mutane sun fito daga rumfuna, masu dako, masu sayar da katin waya, 'yan ɗaurin aure da shaddarsu, kowa ya dafa inda ya samu. Kuma a wajenmu duk motar da ta ƙi tashi ciwonta ɗaya ne, batir, maganinta ɗaya ne, turi. Haka muka gani tun muna yara, kuma sau tara cikin goma yana yi. Suka fitar da ni daga ruwan, suka haura da ni tudun Maamobi da gudu, suka juya motar ta fuskanci wani lungu mai gangara.

"Masa," wani daga cikinsu ya ce, wato maigida, "sa giya biyu. In mun ce saki, ka saki."

Na sa. Suka tura, suka ce saki, na saki kuloci. Tayoyin gaba suka ƙame, motar ta ja su a kan jiƙaƙƙen titi ta tsaya cak, wani ya daki gilashin baya da goshi. Wannan kaɗai ya isa ya gaya wa mai hankali cewa injin ba ya juyawa, akwai abin da ya toshe shi. Ruwa ne a cikin silinda, kuma fistin ba ya iya matse ruwa kamar yadda yake matse iska. Daga baya na ji cewa da an cire fulogogi an juya injin, da ruwan ya feso waje, a canza mai, shi ke nan. Aikin rabin awa. Mu kuwa shawarar da muka yanke ita ce tayoyin ba su kama ƙasa ba. Aka zaɓo ƙarti biyu mafiya nauyi suka hau kan bonet. Masu turi suka ƙaru, sun kai goma sha biyar. Aka mai da motar saman gangaren.

Rumfar yayana ba ta da nisa da wurin, kuma labari a Zongo ya fi ruwa gudu. Mun fara gangarowa na hango shi a madubi. Yana gudu a tsakiyar titi ba takalmi, rigar aikinsa ta manne a jiki, yana ɗaga hannu biyu. Ban ji muryarsa ba saboda ruwa da ihun masu turi, amma na san abin da yake faɗa. Kada ku tura. Na gan shi sarai. Wannan shi ne abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ƙafata tana kan kuloci, ina da lokacin da zan taka birki. Sai na ce a raina in ta tashi kafin ya iso, na ci. Suka ce saki, na saki.

Ta tashi. Aka yi sowa. Ta yi kamar numfashi biyar tana buga wani abu a ciki kamar ana daka a turmin ƙarfe, sannan aka ji ƙara ɗaya, ƙartin nan biyu suka diro daga bonet. Baƙin mai ya malalo daga ƙarƙashinta ya bi ruwa. Kwanrod, sandar ƙarfen da ke riƙe fistin, ya karye ya huda cikin injin ya fito.

Ban san yadda ya fitar da ni ba, na dai san ƙofar ba ta gama buɗewa ba. Ya buga kaina da rufin motar sau biyu. Na kai masa naushi a maƙogwaro, ya kwashe ƙafafuna, muka faɗa cikin ruwan gefen titi. Ya hau ƙirjina yana duka, haƙorina na gaba ya tafi a nan. Sai ya juya ni, ya danna fuskata cikin ruwan kwata.

"Sha. Yadda ka ba injin ya sha, kai ma sha."

Na sha. Yashi da mai da abin da ba na son ambata. Ya ɗago ni ya sake dannawa. Mutum biyar suka taru kafin suka ɓamɓare shi, wata tsohuwa mai sayar da koko tana ta salati tana dukan bayansa da ludayi. Ya fizge daga hannunsu, amma bai dawo kaina ba. Ya tsaya yana haki, ya share fuska, ya juya wajen motar. Faɗa ya ƙare. Kowa ya ga ya ƙare, mutane har sun fara komawa rumfuna. Ya ɗaga bonet, ya dafa hannunsa na dama a gefen ƙarfen, ya sunkuya yana kallon ramin da ke jikin injin Baba. Ina jin kuka yake.

Ni kuma ina durƙushe ina amai, kuma ƙofar direba a buɗe take, kuma wilsifana, ƙarfen kwance taya, tana ƙarƙashin kujera inda Baba ya saba ajiye ta. Na sha jin mutane suna cewa shaiɗan ne, ko idonsu ne ya rufe. Ni idona a buɗe yake. Na ɗauko ta, na taka taku huɗu, na zaɓi wurin. Ban nufi kansa ba. Hannun na nufa, wanda ya mare ni a bes, wanda ya danna ni a ruwa. Na sauke masa ita da hannu biyu, a kan ƙarfe.

Bai yi ihu ba. Ya dubi hannun, ya dube ni, ya zauna a ƙasa cikin ruwan. Wani ya buge ni ta baya, wasu suka bi, ban kare kaina ba. Da ba don limamin masallacin lungun ya fito ya tsaya a kaina ba, da ban rubuta wannan ba. Amarya kuwa a tasi aka kai ta.

Aka kai shi asibiti, daga baya aka kai shi wurin mai ɗori. Ƙasusuwan bayan hannun sun farfashe da yawa. Sun haɗe, amma yatsu uku sun sandare a miƙe, babban yatsa da manuni ba sa haɗuwa. Ba ya riƙe sifana, ba ya riƙe cokali. Rumfar tana nan, wasu ke aiki yana nuna musu da baki, direbobin trotro kuwa sun ragu, domin hannunsa suke bi. Ya ce wa Mma bonet ne ya faɗo masa. 'Yan sanda ma haka ya ce musu. Mma ta saurara, ta dubi giɓin da ke bakina. Tun ranar ba ta ƙara aikena ba, ko ruwa take so sai ta kira 'yar maƙwabta. Motar tana bakin lungu a kan duwatsu, ba ta yarda a sayar ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, haka ake cewa, amma ni na ja, shi ya doka.

Ya cika rantsuwarsa ba tare da hayaniya ba. Bai kore ni ba, bai bar gidan ba. In na gaishe shi yakan amsa kamar yadda ake amsa wa mai karatun mita. Na je ɗakinsa sau uku neman gafara, sau uku yana cewa ba komai, ya ci gaba da kallon bango. Na gwammace ya tashi ya fasa mini kai. Na yi kewar dukansa, abin kunya ne amma haka ne.

Bayan kusan shekara aka yi suna a gidan da ke kallon namu. Aka fito da shinkafa a manyan farantai, maza shida shida. Wurin ya cika, aka tura ni inda akwai sarari, sai ga ni a faranti ɗaya da shi. A cikinmu akwai wani dattijo baƙo, kakan jaririn, wanda ya zo daga Nijar kwana biyu da suka wuce. Aka yi bisimilla. Yayana ya ɓoye damansa a cikin hannun riga, ya sa hagu a gefen farantin, a hankali, daidai gabansa. Duk layinmu an saba, ba mai kallo. Dattijon ya kai hannu ya buge masa shi, shinkafar ta watse a kan tabarma.

"Kai, wane irin rashin tarbiyya ne wannan? Gemu a fuskarka, kana sa hagu a abincin mutane? Ba ka da iyaye ne?"

Mutum ukun da suka rage duk sun san labarin, biyu ma suna cikin masu turi. Ba wanda ya dubi dattijon, ni suka duba. Na buɗe baki zan yi magana. Yayana ya riga ni.

"Yi haƙuri, Baba. Kuskure ne."

Ya goge hannun a wandonsa, ya miƙe, ya nemi takalmansa. Na yunƙura zan bi shi. Bai juyo ba, amma ya yi magana yadda ni kaɗai zan ji, kuma ita ce doguwar magana ta farko da ya yi mini tun ranar ruwan.

"Zauna ka ci. Kai kana da hannu."

Na zauna.